Subul da Baka: Manyan Gana da Bakinsu Ya Ja Musu

Ran 28 ga Maris, 1900, Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Tonawa a filin da yake gaban ganuwar soja ta Kumasi, ya yi musu jawabi ta bakin tafinta. Shekara huɗu ke nan da Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, suka fitar da shi daga ƙasarsa. Gwamna ya faɗa musu Prempeh ba zai komo ba, ya kuma yi zancen kuɗin da za su riƙa biya kowace shekara. Duk wannan sun ji, sun haɗiye. Sa'an nan sai ya tambaye su ina Kujerar Zinariya take, don me kuma ba a kawo masa ita ya zauna a kai ba, shi da yake wakilin Sarauniyar Ingila.

Kujerar nan kuwa, ko Sarkin Tonawa da kansa ba ya zama a kanta, gama a wurinsu kurwar al'umma duka tana cikinta. Sarakuna suka watse, ba wanda ya ce uffan. Kafin wata guda ya cika, mayaƙan Tonawa a ƙarƙashin Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, sun kewaye ganuwar. A ciki akwai Gwamna da matarsa, da 'yan mishan na Basel, har da tsohon nan Ramseyer, da sojoji Hausawa. A gindin bango daga waje kuma ga fatake da iyalan sojoji sun yi cincirindo, ba rufi, ba abinci, yunwa da ciwo suna ta ɗibarsu. Ran 23 ga Yuni Gwamna ya fasa ya gudu zuwa bakin teku, ba a kuwa ceci waɗanda aka bari a ganuwar ba sai tsakiyar Yuli. Kafin shekara ta ƙare an ɗauke Hodgson an kai shi Barbados. Matarsa ta musa daga baya, ta ce mijinta bai nemi ya hau kujerar ba, amma kalmomin sun riga sun shiga takardun gwamnati, da su ake tunawa da shi har wa yau. Waɗanda suka fi shan wuyar maganar kuwa su ne baƙin da suka mutu a gindin bango, kakannin mutanen Zango, waɗanda ba a ma yi jawabin dominsu ba.

Tonawa sun daɗe da sanin haɗarin bakin mai mulki, shi ya sa suka yi masa shinge. Sarkinsu ba ya magana da jama'a kai tsaye a bainar taro. Yakan faɗa a hankali, sai okyeame, wato kakakin fada mai riƙe da sanda, ya ɗauki maganar ya gyara ta, ya sa mata karin magana, ya cire ƙayar da take ciki, kāna ya miƙa wa masu sauraro. In sarki ya yi fushi, fushin yakan huce a hanya tsakanin bakinsa da kunnen mutane. A fadojin ƙasar Hausa ma haka abin yake ta wata fuska: talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai ne za su amsa su ce sarki ya gaishe shi, in kuma sarki zai gyara zama sai su baza manyan rigunansu su kāre shi. Siyasar jam'iyya ta rushe wannan shinge. Mai neman ƙuri'a dole ya hau dandamali ya buɗe bakinsa da kansa, sau goma a yini, a gaban mutanen da suke son ya faɗi abin da zai motsa jininsu.

Kafin a shiga labarin mutanen da bakinsu ya ja musu, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa kunnen Zangon Kumasi ya fi na kowa tsini a kan maganar manya. A 1954, sa'ad da Baffour Akoto, wanda shi kansa okyeame ne na Sarkin Tonawa, ya kafa jam'iyyar NLM a Kumasi don hamayya da Kwame Nkrumah, Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da jam'iyyar Musulmi ta MAP suka bi bayansa. Watanni kaɗan bayan samun mulkin kai a 1957, gwamnati ta ba da umarni a kori Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar. Suka kai ƙara kotu, suka ce a nan aka haife su. Shari'a tana gaban alƙali ke nan, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka sa su a jirgi zuwa Nijeriya. Bayan shekara goma sha biyu, ɓangaren da Amadu Baba ya sha wuya dominsa ya hau mulki a ƙarƙashin Dokta Kofi Busia. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, wannan gwamnati ta ba dukan baƙin da ba su da takardar zama kwana goma sha huɗu su bar Gana. Dubun dubatan mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka cika manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da Volta ta Sama, waɗansunsu ba su taɓa ganin ƙasashen da aka ce nasu ne ba. Hausawa da Yarabawa da Mosawa, Musulmi da Kirista, duka guguwar ta kwashe. Tun daga ran nan, duk sa'ad da wani babba ya yi zancen su wane ne masu ƙasa, Zango yakan kasa kunne.

A zamanin Busia ɗin ne aka ga misali na fari na maganar da rubutu ya hana ta mutuwa. A 1970 gwamnati ta sallami ma'aikata 568 a tashi ɗaya, 'yan hamayya suka ce an fi zaluntar ƙabilar Ewe a cikin korar. Ana cikin musayar zafafan kalmomi a majalisa, sai Victor Owusu, Batone, lauya mai kaifin baki, ministan harkokin waje a lokacin, ya kwatanta Ewe da mutanen da ba su ganin kowa sai nasu. Magana ce ta cikin gardama, irin wadda da a ƙofar gida aka yi ta da an manta kafin sati. Amma majalisa tana da marubuta masu ɗaukar kowace kalma, jaridu kuma suka buga. Shekara tara bayan haka Victor Owusu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PFP, mutane da yawa suna ganin shi ne magajin Busia, mulki kuwa nasa ne. Sai aka tono maganar aka yi ta yawo da ita. Jihar Volta ta juya masa baya, a zagaye na biyu cikin Yuli 1979 kuma Dokta Hilla Limann, ɗan arewa daga Gwollu wanda mutane kaɗan ne suka san sunansa kafin shekarar, ya kayar da shi da kashi 62 cikin ɗari. Akwai waɗansu dalilai, musamman rabuwar da ta auku a gidan Busia sa'ad da William Ofori Atta ya kafa tasa jam'iyyar. Duk da haka, 'yan hamayya sun ci gaba da jifan magadan Busia da kalmar nan shekaru da yawa bayan mai ita ya bar fage.

Rubutu yana bukatar wanda ya iya karatu, ana kuma iya cewa marubuci ya yi kuskure. Murya dabam take. Tsarin mulki na 1992 ya buɗe ƙofar 'yancin watsa labarai, daga 1995 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara tsirowa a Ankara da Kumasi, suna watsa shiri da Turanci da Tonanci, daga baya har da Hausa, kamar yadda Zuria FM take yi wa mutanen Zango. A 2001 gwamnatin John Kufuor ta soke dokar da take ɗaure ɗan jarida saboda ɓata suna, wanda ya kai ƙudurin majalisa kuwa shi ne Babban Lauyan Gwamnati na lokacin, Nana Akufo-Addo. Sa'an nan wayar hannu ta zo, kowane ɗan jam'iyya da direba da ɗan aike ya zama yana da rakoda a aljihu. Wannan bai tsaya a Gana kaɗai ba. A Afrilu 2010 Firayim Ministan Ingila Gordon Brown ya shiga mota ya manta da 'yar makirfon da aka maƙala masa a riga, ya kushe wata tsohuwa da ya gama gaisawa da ita a garin Rochdale. Kafin yamma duniya duka ta ji, ya koma gidan matar ya roƙi gafara, bayan mako guda kuma ya faɗi zaɓe.

A Fabrairu 2011 abin ya faɗa kan Akufo-Addo da kansa. Yana yi wa 'yan jam'iyyarsa ta NPP jawabi a Koforidua, yana tuna musu rikicin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Atiwa, ya ce ana ɗaukar mutanen Akan matsorata ne, amma a 2012 za a gani, ya rufe da Turancin kasuwa: "all die be die", wato mutuwa duk mutuwa ce. Aka ɗauki muryar, gidajen rediyo suka yi ta maimaita ta safe da yamma har kusan shekara biyu. Magoya bayansa suka ce ƙarfafa zuciya yake yi wa wakilan da ake razanarwa a rumfunan zaɓe. Abokan hamayya suka ce gangar yaƙi ce. A Zango kuwa rabin maganar na farko ya fi na biyu nauyi, gama in ɗan takara ya ce "mu Akan" a taron jam'iyyar da take neman mulkin ƙasa duka, wanda kakansa ya zo daga Katsina ko Wagadugu zai tambayi kansa ina matsayinsa.

Mai karatu Bahaushe zai tuna da wani abu mai kama da wannan. A Mayu 2012, a Kaduna, marigayi Janar Muhammadu Buhari ya faɗa wa magoya bayansa da Hausa cewa in aka sāke maguɗi a 2015, za a yi kare jini biri jini. Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san karin maganar tana nufin karawa mai tsanani wadda ba mai fita da sauƙi. Jaridun Turanci suka fassara ta kalma da kalma, aka wayi gari ana gardamar wane ne karen, wane ne birin, jinin wa kuma za a zubar. Na'ura takan kama kalma ta bar fuskar mai magana, da dariyar da aka yi a ɗakin, da abin da aka faɗa kafin nan. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma bai wanke su duka ba. Mutumin da ya san an kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Nijeriya bayan zaɓen 2011 ya kamata ya zaɓi wata karin maganar, Hausa ba ta rasa su ba.

Tsoron da irin waɗannan kalmomi suka jawo yana cikin abin da ya sa a Nuwamba 2012 aka tara 'yan takarar shugabancin Gana a jami'ar KNUST ta Kumasi, a gaban Sarkin Tonawa Otumfuo Osei Tutu na Biyu da Babbar Mai Shari'a Georgina Wood, suka sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya. Akufo-Addo ya faɗi zaɓen da kashi 47.7, John Mahama ya sami 50.7. Ya kai ƙara Kotun Ƙoli, ran 29 ga Agusta, 2013, kotu ta ƙi ƙararsa, shi kuwa a ranar ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. Wannan magana ta biyu, wadda ita ma na'ura ta ɗauka, ta wanke masa da yawa daga cikin dattin ta farko.

Wadda ba ta sami irin wannan dama ba ita ce Victoria Hammah. Matashiya ce a jam'iyyar NDC, ta yi takarar majalisa a Ablekuma ta Yamma a 2012 ta faɗi, Shugaba Mahama ya naɗa ta mataimakiyar ministan sadarwa. A farkon Nuwamba 2013 wani faifai ya fito, ana jin muryarta tana taɗi da wata abokiyarta, irin taɗin da mutum yakan yi sa'ad da ya tabbata ba bare a kusa. A ciki ta ce ba za ta bar siyasa ba sai ta tara dala miliyan ɗaya. Ta kushe waɗansu abokan aikinta da sunayensu, ta kuma yi zancen cewa wata minista ta sa baki wajen alƙalan da suka yi shari'ar zaɓe. Direbanta aka zarga da ɗaukar muryar. Ran 8 ga Nuwamba, kwana guda bayan faifan ya bazu, fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwar sallamarta, 'yar gajeruwa, ba a ko faɗi dalili ba.

A nan akwai abin dubawa. Ba a kama ta da ko sisin kwabo na gwamnati ba. Buri ta faɗa, burin da mutane da yawa suke zaton yana zuciyar rabin masu riƙe da muƙami, sai dai su ba su faɗa a kusa da rakoda ba. Jama'a sun yi fushi, da gaskiyarsu, gama albashin mataimakin minista ba ya tara dala miliyan, kowa kuwa ya san ta inda irin kuɗin nan yake fitowa. Amma saurin korar ya nuna wani abu kuma. Ba ta da mazaɓa a bayanta, ba ta da sarakuna ko dattawan jam'iyya da za su je su yi roƙo dominta, zancen alƙalan nan kuma ya taɓa halaccin kujerar shugaban ƙasa kansa. Icen da ba shi da saiwa shi iska take fara kayarwa. Sunanta ya zama abin barkwanci a tashoshin mota da gidajen rediyo, ba ta kuwa sāke riƙe muƙamin minista ba.

A gwada wannan da abin da ya faru bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. A Fabrairu 2015 wani faifai ya fito daga taron sirri na dattawan NPP a Jihar Gabas, ana jin murya mai kama da ta Yaw Osafo-Maafo, tsohon ministan kuɗi a zamanin Kufuor, tana ƙorafi cewa arzikin Gana daga yankunan Akan yake fitowa, amma mutanen da yankunansu ba su da kome su ne suke mulki. Shugaban ƙasa a lokacin ɗan Bole ne, daga ƙasar Gwanja. Osafo-Maafo ya ce an yi wa faifan yanke-yanke don a ɓata shi. Ko da wane ne ya faɗa, lissafin bai cika ba. Koko yana tsirowa a kurmi, gaskiya ne, amma tun zamanin Turawa 'yan ƙodago daga arewa da ƙasar Mosawa ne suka sare dajin, suka ɗauki buhunan a kā, suka shiga ramukan zinariya na Obuasi. Goron Tonawa kuma, fataken Hausa ne suka kai shi Kano da Sakkwato tun ta hanyar Salaga, suka mai da shi kuɗi. Ga mutanen Zango, maganar ta yi ƙamshin 1969. Jam'iyyar ba ta hukunta shi ba, sa'ad da ta ci zaɓe kuma aka naɗa shi Babban Minista a 2017.

Mahama ma bai tsira ba. A Maris 2015, ana tsakiyar wahalar ɗauke wutar lantarki da yajin aikin ma'aikata, ya gaya wa 'yan Gana mazauna Botswana cewa shi ya zama mushen akuya, mushe kuwa ba ya tsoron wuƙa. Nufinsa barazanar yajin aiki ba za ta sa ya ɓarnatar da kuɗin ƙasa a shekarar zaɓe ba, waɗanda suke wurin ma dariya suka yi. A gida kuwa, mai walda da mai sayar da ƙanƙara da suka kwana uku ba wuta suka ji shugaba yana cewa kukansu ba ya taɓa shi. 'Yan hamayya suka riƙe akuyar nan har Disamba 2016, sa'ad da ya faɗi da ratar ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, ya zama shugaba na fari a tarihin Gana da aka kayar yana kan kujera. Wanda ya kayar da shi kuwa shi ne mai "all die be die". Bayan shekara takwas, a Disamba 2024, mushen akuyar ya tashi ya sāke cin zaɓe.

In an jera su, za a ga subul da baka ya fi yin kisa sa'ad da ya tabbatar da abin da mutane suka riga suka zarga. An daɗe ana cewa gidan Busia na Akan ne, sai kalmar Victor Owusu ta zama shaida. An daɗe ana cewa 'yan siyasa kuɗi suke nema, sai ga murya tana faɗar adadin. NPP ta gane nauyin tarihin da take ɗauke da shi a unguwannin Zango, ta kuwa yi ƙoƙarin sauke shi: Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimaki a 2000, Akufo-Addo ya ɗauki Dokta Mahamudu Bawumia, a 2017 kuma aka kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya Zango. Duk da haka mazaɓar Asawase, inda Aboabo da Sawaba da yawancin unguwannin Zangon Kumasi suke, tana hannun NDC tun da aka ƙirƙiro ta a 2004, a tsakiyar jihar da NPP ta fi ƙarfi. Muhammad Muntaka Mubarak ya riƙe kujerar tun zaɓen cike gurbi na 2005.

Sauran tambaya ita ce ta mai ɗaukar muryar, wanda sau da yawa ba don ƙaunar ƙasa yake yi ba. Yakan zama na kusa ne, wanda aka ci abinci tare da shi, ya sayar da amana saboda fushi ko kuɗi. A Fabrairu 2018, a wata shari'ar fili da ta taso daga Sunyani, Kotun Ƙoli ta Gana ta yanke cewa ɗaukar maganar mutum ta waya ba da saninsa ba keta haƙƙinsa na sirri ne bisa ga sashe na 18 na tsarin mulki, ta kuma ƙi karɓar faifan a matsayin shaida a wannan shari'a. Hukuncin yana ɗaure alƙali, amma ba ya ɗaure mai sauraron rediyo ko mai tura saƙo ta WhatsApp, saboda haka faya-fayan ba su daina fitowa ba. A 2019 an gurfanar da shugaban NDC na ƙasa, Samuel Ofosu-Ampofo, a kan wani faifai da aka ɗauka a taron jam'iyya, shari'ar ta yi ta jan ƙafa har aka janye ta a 2025 bayan jam'iyyarsa ta koma mulki.

A Yuli 2023 kuma aka ji muryoyin waɗansu manyan 'yan sanda suna shawara da Daniel Bugri Naabu, tsohon shugaban NPP na Jihar Arewa, a kan yadda za a tsige Sufeto Janar George Akuffo Dampare kafin zaɓen 2024. Majalisa ta kafa kwamiti, aka yi zaman a gaban talabijin, mutane suna ta hasashen wane maƙiyi ne ya ɓoye na'ura a ofishin dattijon. Da aka tambayi Bugri Naabu, sai ya ce muryarsa ce, ofishinsa ne, shi ne kuma ya sa aka kawo na'urar aka ɗauki baƙin nasa.